Shehu Shagari da Fijo 504: Babin da aka manta a rayuwar Turakin Sakkwato

Idan aka ambaci marigayi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, abubuwa uku ne kan fara zuwa zukatan mafi yawan 'yan Najeriya: doguwar hular nan da ta ɗauki sunansa, da rukunan gidaje masu sauƙin kuɗi da ke gefen garuruwanmu, sai kuma ranar 31 ga Disamba, 1983, da sojoji suka kawo ƙarshen Jamhuriya ta Biyu. Sai dai akwai wani babi a rayuwarsa da masu rubuta tarihi kan tsallake da layi ɗaya, wato zamansa shugaban hukumar daraktocin kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ke Kaduna, motar da mu Hausawa muke kira Fijo. A nawa ra'ayin, wannan ɗan babi ya ƙunshi burin mutumin da na tsararsa, ya kuma ƙunshi dalilin da ya sa burin bai cika ba. Saboda haka ina roƙon mai karatu ya biyo ni mu bi sawun rayuwar Turakin Sakkwato ta wannan hanya.

An haifi Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari, wanda ke kan babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga, ta nufi Tambuwal da Jega. Wannan yanki ne da tarihi ya zauna cikinsa daram. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya ƙaura zuwa Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga yana karantarwa yana rubutu. Mahaifin Shehu Shagari, Malam Aliyu, shi ne Magajin Shagari, kuma ya rasu tun yaron yana ɗan shekara biyar. Maraya ne ke nan ya tashi, a gidan sarautar ƙauye mai mutunci amma ba mai tarin dukiya ba.

Bayan karatun allo, an sa shi makarantar elemantare ta Yabo a 1931, daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato a 1936, sannan Kwalejin Kaduna a 1941, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Da ya kammala, sai ya zama malamin makaranta, kuma abin lura shi ne darasin kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato, a zamanin da masu koyar da wannan fanni a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Daga bisani ya riƙe makarantar Argungu, ya kuma zama malami mai zagayen duba makarantu a Lardin Sakkwato. A 1948 ya rubuta Waƙar Najeriya da Hausa, domin koya wa yara labarin ƙasarsu. Duk wanda yake son fahimtar Shagari, to ya riƙe wannan: alli ya fara riƙewa kafin ya riƙe mulki, kuma ɗabi'ar malamin makaranta, ta haƙuri da sauraro da ƙin hayaniya, ba ta rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Siyasa ta same shi ta hanyar ƙungiyoyin matasa 'yan boko na Sakkwato, waɗanda suka narke cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC. A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya, a 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan ya riƙa zagaya ma'aikatu a Ikko: ciniki da masana'antu, raya tattalin arziki, harkokin ma'aikata, harkokin cikin gida, sannan ayyuka, inda juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya riske shi. A 1962 ne Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato. Da aka kashe Sardauna da Ɓalewa, sai ya tattara ya dawo gida, ya koma gona da aikin tara gudummawar gina makarantu a Lardin Sakkwato, kafin ya zama kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma.

Janar Yakubu Gowon ya sake kiransa Ikko a 1970, ya ɗora masa aikin raya tattalin arziki da sake gina yankunan da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita. A 1971 ya gaji Cif Obafemi Awolowo a kujerar kuɗi, ya riƙe ta har 1975. Waɗannan shekaru su ne na sauye-sauye masu yawa a kan titi da cikin aljihu. A watan Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, kamar maƙwabtanmu rainon Faransa. A ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A ƙarshen wannan shekara kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, kuɗi suka yi ta kwarara, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, ƙaramin ma'aikaci ya fara mafarkin mota.

Gwamnatin wancan lokaci ta yi shawarar cewa maimakon a riƙa kwasar kuɗin mai ana sayo motoci daga Turai, gara a jawo masu ƙera su su zo su kafa masana'antu a nan. Da haka aka yi wa kamfanin Peugeot na Najeriya rajista a 1972, ya fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975, a shekarar da kamfanin Volkswagen ya fara nasa a Ikko. Daga baya aka kafa na manyan motoci huɗu: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da na Marsandi a Inugu. Da sojoji suka tuntsurar da Gowon a watan Yulin 1975, Shagari ya bar gwamnati, kuma a wannan tsakani ne ya zama shugaban hukumar daraktocin Peugeot. Mutumin da ke riƙe da baitulmalin tarayya lokacin da ake gina masana'antar, shi ne ya zo ya ga yadda take gudana daga ciki.

Abin da ya gani kuwa abin mamaki ne. Saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Ikko a shekarun nan, sassan motocin ta jirgin sama ake ɗauko su daga birnin Liyon na Faransa, a sauke a filin jirgin saman Kano, sannan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna, inda 'ya'yanmu ke ɗaure su. Kasuwa kuma ba ta yi ƙaranci ba, domin gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mayar da Fijo 504 motar hukuma, daga babban sakatare har shugaban ƙasa. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka riƙa samun rancen mota suna sayen ta. Direbobin tasha suka rungumi wagon ɗinta, 'yan kasuwar ƙauye suka rungumi a-kori-kura.

Ba banza ba motar ta samu wannan karɓuwa. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, sannan ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, tseren da ake yi a kan hanyoyi masu ƙura da taɓo irin namu. Tana da tsayi daga ƙasa, tana shanye gargada, injinta kuma ba shi da wani sirri da ya fi ƙarfin bakaniken gefen hanya. An daina ƙera ta a Faransa tun 1983, ban da a-kori-kura, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

A nan zan ɗan tsaya in kawo abin da idona ya gani, domin shi ya sa na fahimci wannan babi. Mahaifina, malamin makaranta, ya sayi 504 haɗin Kaduna da rancen gwamnati a 1981. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru tana zaune ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Boɗinga, kaji na ƙwai a cikinta. Na ja ta zuwa garejin gida, na nemo wani dattijon bakanike da nake kira Baba, wanda ya koyi sana'arsa a kan irin waɗannan motoci, muka shafe kusan shekara biyu muna aiki a ranakun Asabar da Lahadi. Baba ya tsara aikin daki-daki. Aka fara da leƙa ƙasan motar a ga ko tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da ita, domin in nan ya ruɓe to sauran aiki asarar kuɗi ne. A nan bushewar ƙasar Sakkwato ta yi mana rana, domin ƙarfen na nan garau. Abin da zafin rana ya lalata shi ne duk wani abu na roba, da kujeru, da fuskar gaban direba wadda ta tsattsage; ɓeraye kuma suka gama da wayoyin lantarki.

Sai aka sauke tanki aka wanke, aka sauke inji aka warware shi gaba ɗaya. Injin mai silinda huɗu ne, a kishingiɗe yake zaune, kuma kowace silinda tana da nata kwanson ƙarfe da ake zarewa a sa sabo, abin da ke sa a iya sabunta injin sau da yawa ba tare da an jefar da shi ba. Aka sauya fistin da ringi, aka wanke kafireta, aka kai lagireto wurin masu walda, aka sabunta birki da kuloci, mai gyaran waya ya sake shimfiɗa wayoyi, mai gyaran bodi ya buge lotsattsun wurare. Fenti shi ne na ƙarshe, domin a ƙa'idar Baba wanda ya fara da fenti ado yake yi wa gawa. Kayan gyara kuwa sai da muka nema a Fanteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu ma sai a Birnin Ƙonni, muna kaffa-kaffa da jabun kaya da suka cika kasuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: a duk lokacin da muka kwance wani muhimmin sashe, na inji ko na giya, tambarin da ke jikinsa na Faransa ne. Abin da aka yi a gida shi ne irin su taya da batir da kujeru da fenti. Ashe motar da muka taso muna alfahari da ita a matsayin tamu, zuciyarta baƙuwa ce. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ɗaure mota daban, ƙera mota daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ƙarfe da injiniyoyi da ƙananan masana'antu ɗaruruwa masu yin kusoshi da gilas da roba.

Ina da yaƙinin Shagari ya san da wannan tazara, domin ayyukansa sun nuna haka. Ya halarci majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NPN, kuma sanannen abu ne cewa kujerar Majalisar Dattawa ya so nema kafin abokan siyasarsa su tura shi takarar shugaban ƙasa, inda ya kayar da irin su Maitama Sule da Adamu Ciroma a zaɓen fidda gwani. Ya ci zaɓen Agustan 1979, bayan taƙaddamar da ta kai Kotun Ƙoli kan ma'anar kashi biyu bisa uku na jihohi 19, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba tare da mataimakinsa Dokta Alex Ekwueme. Da ya hau, ya ba harkar ƙarfe muhimmanci na musamman. Aka tsananta aikin Ajaokuta tare da Tarayyar Sobiyet, aka buɗe masana'antar ƙarfe ta Aladja a 1982, aka kafa masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, a shekarar kuma ya buɗe masana'antar manyan motoci ta Inugu. Ga shirin bunƙasa noma, ga gidaje, ga gaggauta ginin Abuja.

To me ya hana ruwa gudu? Abu na farko, waɗancan masana'antun murza ƙarfe rodi da waya suke fitarwa domin gine-gine. Faffaɗan ƙarfen da ake buga jikin mota da shi an ajiye shi ne ga mataki na gaba na Ajaokuta, matakin da ba a taɓa kaiwa gare shi ba. Abu na biyu, duk ginin a kan kuɗin mai aka ɗora shi. Da farashin mai ya fara faɗuwa a 1981, kuɗin ƙasashen waje suka yi ƙaranci, gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilun 1982, aka ƙuntata shigo da kaya. Masana'antar da ba ta iya fitar da mota ko ɗaya sai an biya sassanta da kuɗin waje, ita ce ta fara jin jiki.

Abu na uku kuwa, wanda ƙaunar da muke yi wa marigayin ba za ta sa mu ɓoye shi ba, shi ne halin mutanen da suka kewaye shi. Lasisin shigo da kaya ya zama ganimar 'yan jam'iyya, ana ba wanda ba shi da ko shago, shi kuma ya sayar wa mai masana'anta da riba. Kuɗin da ya kamata su sayo injuna suka tafi ga shinkafar waje. Manyan Jamhuriya ta Biyu suka raina Fijo, suka koma Marsandi, har wata babbar Marsandi da ta fito a 1979 jama'a suka laƙaba mata sunan Shagari. Duba wannan abin takaici: tsohon shugaban kamfanin motar gida, sai ga sunansa a kan motar da ta zama alamar guje wa kayan gida. Haka nan tarihi ba zai manta da jinin manoman Bakolori da ya zuba a 1980 ba, ko korar baƙin haure ta 1983. Haƙurin da ya sa Shagari ya zama malami nagari, shi ne ya sa ya kasa tsawata wa waɗanda suka ci amanarsa. Shugaba kuwa ana tambayarsa abin da ya yi, ana kuma tambayarsa abin da ya bari aka yi.

Wata huɗu bayan sake zaɓensa a Agustan 1983, sojoji suka karɓe mulki, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba. Aka tsare Shagari har zuwa 1986, lokacin da kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Samson Uwaifo bai same shi da laifin azurta kansa ba. Gwamnatin Babangida ta sake shi, amma ta hana shi siyasa, ta kuma taƙaita shi na wani lokaci a garinsu. Mutumin da ya riƙe baitulmalin ƙasa a lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, ya kuma shugabance ta shekara huɗu da wata uku, ya koma Shagari ya zauna cikin 'yan uwansa manoma. Bai yi ta yawo yana zagin waɗanda suka tuntsurar da shi ba. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da ya fito a 2001, kamar yadda tun a 1978 shi da Jean Boyd suka rubuta littafi kan shugabancin Shehu Usmanu. Ya rasu a Asibitin Ƙasa da ke Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018, yana da shekara 93, aka kai shi Shagari aka binne.

Ita kuwa masana'antar da ya taɓa shugabanta, sai ta bi sahun 'yan uwanta. Karya darajar naira a 1986 ya sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin Kwatano suka cika gari. Tsarin mayar da alawus na ma'aikata kuɗi a hannu na 2003 ya rage sayen motocin hukuma. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Kamfanonin taya na Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a ƙasar nan a 2007 da 2008. Gaskiya ne a 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwar Ɗangote da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma muna yi masa fatan alheri, sai dai tambayar da ta gagari tsarar Shagari tana nan tana jiran amsa: wane sashe na motar ne za a ƙera a nan?

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da iyalan marigayin: a tanadi wuri a garin Shagari da za a adana takardunsa da hotunansa da motocin da ya hau, a gyara su yadda ya kamata. Marsandin da aka kashe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na Ikko, yara na zuwa suna ganin tarihi da idonsu. Babu dalilin da zai sa 'ya'yan Yabo da Boɗinga da Shagari su rasa irin wannan. Na biyu ga masu tsara ilimi: dattawan kanikawa da suka san inji ciki da waje suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, iliminsu na bin su kabari. A jawo su cikin makarantun koyon sana'a, a haɗa su da matasan da suka karanta injiniyanci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku gare mu, 'yan bokon Arewa: mu daina sayar da tsofaffin motocin iyayenmu ga masu awon ƙarfe a kan kuɗin cefane, mu kuma daina ɗaukar gyara a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi. Al'ummar da ba ta iya riƙe abin da ta gada, da wuya ta ƙera sabo.

Shehu Shagari da tsararsa sun ɗauko aiki, sun kai shi inda ƙarfinsu da kurakuransu suka tsaya. Ba za mu yi musu adalci da yabo kaɗai ba, ba kuma da zargi kaɗai ba, sai dai mu duba inda suka tsaya mu ɗora. Allah Ya jiƙan Turakin Sakkwato, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, amin.